Yadda Ake Gano Abin da Ke Riƙe Birkin Babur Bayan An Canja Taya

Ana gab da faɗuwar damina wani saurayi ya turo babur ɗinsa har bakin rumfata a nan Gadarif, riga ta jiƙe sharkaf. Boxer ne, irin wanda ya cika gari. Ya ce, "Usta, tun jiya da aka sa mini sabon lastik motar nan ya ƙi sakin jiki. Na kama hanyar Doka, ban yi nisa ba na fara jin ƙauri." Ga 'yan'uwa na Najeriya da Nijar da ke karatu: a Sudan babur ake ce wa motar, taya lastik, makanike usta, mai facin taya kuma mai banshar. Na leƙa ƙafar baya, sai na ga ya kwance notin rodin birki, wato siririn ƙarfen da ke haɗa feda da birkin baya, har ya kusa faɗuwa. Na ce, "Ɗana, wa ya aike ka?" Ya ce ai sassautawa ya yi ko zai saki. Bai saki ba, kuma ga shi ya dawo cikin gari ba shi da birkin baya ko kaɗan. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sabuwar taya ba ta kama birki. Abin da ke kama shi hannun da ya cire ƙafar ne ya mayar. Idan jiya babur na tafiya lafiya, yau an canja taya ya fara riƙewa, laifin yana cikin abubuwa biyar ko shida da aka taɓa, kuma da bin su ɗaya bayan ɗaya ake kama shi. Wanda ya fara da sayen sabon birki-shu (shu shi ne abin da ke gugar ƙarfe ya tsayar da ƙafa) ko kwance famfon birki ya yi asarar kuɗi, ga kayan gyara tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sun zama abin da suka zama, man fetur kuwa ba a magana. Birki mai riƙewa mai yake sha kamar kana hawa tudu da buhu biyu na riɗi.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanun da suka dace da notinka, filaya, sukudireba, guntun alli, tsumma mai tsabta, 'yar sanfefa, da abin awo ko da rula ce ta 'yan makaranta.

Da farko, nemi inda zafin yake

Kada ka kwance komai tukuna. In dai ƙafar tana juyawa, hau ka yi kilomita ɗaya ko biyu a hankali a kan hanya shimfiɗaɗɗiya, ba tare da ka taɓa birkin da kake zargi ba, ka tsaya da ɗayan. Sauka ka kusantar da bayan hannunka, kada ka dafa. Birkin babur iri biyu ne: na duram, wato kwanon ƙarfe a tsakiyar ƙafa da shu ke gugar bangonsa ta ciki, da na faifai da ake matsewa ta gefe biyu. Duram ko faifan da ba a yi aiki da shi ba bai kamata ya fi sauran ƙarfen babur zafi ba. A watan Afrilu da Mayu rana kan haura digiri 40 a garin nan, kowane ƙarfe yana ƙuna, saboda haka gwada gaba da baya ka ji bambanci, ko ka yi gwajin da sassafe. Ɗiga ruwa kaɗan. In ya yi cuu ya ƙafe nan take, ka sami ƙafar da ke da matsala.

Lura da wurin da zafin ya taru. In a bangon duram ne ko a kan faifai, birki ne. In a can tsakiya ne inda sandar ƙafa ta ratsa, boris ne ko bushin, wato 'yan guntayen bututun ƙarfe da ke gefen ƙafa. In gefen tayar ne ya yi ɗumi har ya yi sheƙi, tana gugar wani abu, birki ba ruwansa.

Na biyu, ɗaga ƙafa ka saurara

Kafe babur a kan dabul-istan, ka sa shi a firi. In ƙafar gaba ce, wani ya danne baya ta tashi. Juya ta da hannu da ƙarfi, ka saki.

Kunne ke aiki a nan fiye da ido. Ƙafar da ta yi nauyi daga farkon zagaye har ƙarshensa, tana shuu ba yankewa, wani abu ne ke matse da ita kullum. Wadda ke tafiya sumul ta cije a wuri ɗaya, ta sake ta kuma cijewa a wurin, wani abu ne ya karkace ko bai zauna tsakiya ba. Wadda ke gurnani kana jin kamar tsakuwa a hannunka, boris ne. Riƙe wannan a ranka, duk sauran binciken a kansa zai hau.

Abu biyu kada su ruɗe ka. Ƙafar baya ba za ta taɓa juyawa kamar ta gaba ba, domin tana jan sarƙa. Birkin faifai kuma ko lafiyarsa ƙalau yakan yi 'yar ƙaramar shuu, tunda fad ɗinsa, wato abin da ke matse faifan, ba ya nisa da shi. Muddin ƙafar ta ci gaba da juyawa bayan ka sake ta, kuma faifan bai yi zafi a gwajin farko ba, bar shi.

Na uku, wanke birki daga laifin da ba nasa ba

Da yawa daga cikin baburan da ake kawo mini da sunan birki, sarƙa ce. Mai banshar ya ja ƙafa baya ya ɗaure sarƙa tam kamar tsirkiya, yana ganin alheri ya yi maka. Taɓa ta daga ƙasa, tsakanin haƙoran gaba da na baya. Ƙananan babura irin namu suna son ta yi wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30, wasu har 35, kuma galibi akwai takarda manne a jikin babur da ta faɗi adadin. Juya ƙafa ka auna a wurare uku ko huɗu, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai, sai ka gyara a inda ta fi ɗaurewa. Sannan ka hau ka zauna, wani ya sake taɓawa. In ta ƙage da nauyinka, balle in ka ɗauki kaya.

Duba ajasta biyu na hagu da dama. Akwai zane-zane a jikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar, dole su tsaya a layi ɗaya. In ɗaya na kan zane na uku ɗaya na kan na huɗu, ƙafar a karkace take.

Sai tayar kanta. Mutane na son su sa mai faɗi fiye da ta asali, wai ta fi kyau a ido. Leƙa ko tana taɓa madigadi, ko murfin sarƙa, ko ƙarfen da ke riƙe da murfin birki. Akwai kuma wani siririn layi da ke zagaye tayar dab da bakin rim. Tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani wuri, tayar ba ta zauna ba, za ta riƙa lilo tana guga. Sace iskar, shafa ruwan sabulu a bakin, a sake bugawa, amma a tabbata tif bai maƙale ba. Da damina kuwa, wanda ya san baƙar laka ta Gadarif ya san yadda take cushewa tsakanin taya da madigadi ta bushe kamar siminti. Sanda kawai take buƙata.

Na huɗu, birkin duram na baya

Yanzu mun iso gida, domin yawancin baburanmu duram ne gaba da baya.

Taka birki da hannunka ka auna nisan da fedar ke sauka kafin ka ji ya fara kamawa. Milimita 20 zuwa 30 ake so, kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi. Ga abin da ke faruwa: idan aka ja ƙafa baya don a ɗaure sarƙa, duram da hannunsa sun bi ta, amma rodi tsawonsa bai ƙaru ba. Sai ya zama kamar an taka birki kaɗan an bar shi a haka. Shi ya sa ƙa'ida ita ce sarƙa tukuna, birki daga baya. Wanda bai bar wasa isasshe ba, babur kan yi lafiya a kan istan, amma da an ɗora buhu ko an ɗauki mutum biyu, baya ya nutse, rodi ya ja, sai riƙewa. In fitilar birki na kunne ba ka taka ba, ita ma hannunka mai sanda ce, wataƙila feda ba ta komawa sama.

Gwajin da ke raba gardama shi ne ka zare notin gaba ɗaya, ka fitar da rodi daga hannun duram, ka juya ƙafa. In ta saki, matsalar tana waje: ko noti ya yi yawa, ko rodi ya lanƙwashe, ko fedar ba ta komawa sama saboda sifirin ɗinta ya fita ko laka ta cika gindinta. Tura hannun duram ɗin da yatsa ka saki. Ya kamata ya koma da kansa, tas. In yana komawa da lalaci ko ya tsaya inda ka bar shi, ciki za ka shiga.

Kafin ka bar wannan gefen, kama ƙarfen nan da ke hana murfin birki juyawa tare da ƙafa, ka girgiza. Notinsa na nan? Fin ɗinsa na nan? Dole a kwance shi kafin ƙafa ta fita, kuma shi aka fi mantawa da shi wajen mayarwa. In ya fita kana gudu, murfin zai juya, ya nannaɗe rodi, ƙafa ta kulle. Wannan ya wuce maganar shan mai.

Na biyar, sassauta notin sandar ƙafa

Rodi a cire, ƙafa har yanzu tana riƙewa. Sassauta babban notin nan zagaye ɗaya ko biyu, ka sake juyawa.

In ta saki da ka sassauta, amsa biyu ce. Ta farko mai sauƙi: murfin birki bai zauna tsakiyar duram ba. Ramin da sandar ke bi yana da ɗan wasa, in aka ɗaure a yadda ya faɗo, shu ɗaya sai ya jingina da bango. Maganin bai kai minti biyu ba. Mayar da rodi, juya ƙafa, taka birki da ƙarfi ka riƙe, wani ya ɗaure notin kana riƙe da shi. Shu ɗin da kansu za su tura murfin tsakiya. Masu banshar ƙalilan ne ke yin haka, ba don mugunta ba, aikinsu taya ne, kuma ga layi na jiransu.

In ka yi hakan, amma duk lokacin da noti ya ɗauru ƙafa ta ƙage, bushin ne. Waɗannan 'yan guntayen bututun ƙarfe da ke gefen ƙafa ba tsawonsu ɗaya ba, kuma kowanne da gefensa. A musanya su, ko a juya ɗaya, ko ya faɗa cikin ƙasa a maye gurbinsa da washa biyu, sai matsin noti ya sauka inda bai kamata ba. Akwai ma wani dogon bushin a ɓoye cikin ƙafar tsakanin boris biyu. In an taɓa canja boris aka manta da shi, ɗaurin noti zai murƙushe su. Cire ƙafa, sa yatsa cikin kowane boris ka juya. In ka ji gargada ko cijewa, ya tafi. Shawarata ga kowa: kafin a cire maka ƙafa, ɗauki hoton gefe biyu da wayarka. Ba raina mai aiki ba ne.

Na shida, buɗe duram

Sai yanzu. Zare murfin ka kifa shi a kan tsumma, ba a kan ƙasa ba. Kada ka hura ƙurar da baki ko da iskar kwamfiresa, wasu shu ɗin masu araha har yanzu da asbestos, wani ma'adini mai cutarwa, ake yin su, kuma huhu ba ya fitar da shi. Jiƙa tsumma ka goge.

A nan na kama ɓarawon da ke cikin babur ɗin saurayin nan. An yar da murfin a ƙasa lokacin canja taya, sifirin ɗaya daga cikin biyun da ke janyo shu ya zame daga ƙugiyarsa, shu ya zauna a karkace. Ko ya cire rodin ya jefa a rijiya ba zai saki ba. Na nuna masa, ya ce, "Kawu, wannan ɗan abin?" Na ce shi fa.

Duba sifirin biyun, su kasance a maƙale kuma ba su miƙe ba. Duba bakin shu ya zauna daram a kan ɗan ƙarfen da ke buɗa su idan an taka, da kan turken da ke ɗaya gefen. Shi wannan ƙarfe mai juyawa yakan bushe da ƙura da tsatsa. Zare shi, amma kafin ka cire hannunsa lura da ɗigon alama da ke kansu biyun don ka mayar daidai. Goge shi, shafa masa giris ɗan kaɗan, kamar ƙwayar dawa. In ya yi yawa zafi zai narkar da shi ya gangaro kan shu, kuma shu da ya sha mai ko giris sai dai a jefar.

Kaurin fatar shu in ya sauka zuwa kamar milimita 2, canja. Shu da ya cinye yana sa ƙarfen nan ya juya fiye da kima har ya kusa tsayawa a tsaye, sai ya maƙale ya ƙi komawa. In fatar ta fara ɗagowa daga jikin shu, kada ka sake hawa da ita, ita ce ke ɓallewa ta kulle ƙafa. In kuma sheƙi kawai ta yi saboda zafi, sanfefa ta isa.

Ga dabarar alli ga wanda ƙafarsa ke cijewa wuri ɗaya. Zana layuka a kan shu biyun, harhaɗa, juya ƙafa ba tare da ka taka ba, ka sake buɗewa. Inda alli ya goge nan ake guga. In bayan ka daidaita murfi har yanzu tana kamawa tana saki, duram ɗin ne ya daina zama da'ira, sai mai injin gyaran ƙarfe ko wata ƙafar.

Duram na gaba duk haka ne, da ƙari uku. Wasan hannun birki milimita 10 zuwa 20 ne a ƙarshensa. Juya kan babur hagu da dama har ƙarshe kana juya ƙafa, in tana kamawa a gefe ɗaya, an bi da waya ta hanyar da ba tata ba. Sannan murfin yana da tsaga da ke shiga wani ɗan tudu a jikin shakazoba, ga kuma 'yan kunnuwa biyu na giyar agogon gudu da dole su faɗa gurbinsu. In ba su faɗa ba aka ɗaure, za su lanƙwashe ƙafa ta ƙage.

In naka mai faifai ne

Birkin faifai ba shi da sifirin da ke janye shi. Zoben roba da ke zagaye da fistin, wato ƙarfen da ke tura fad, shi ne ke ɗan lanƙwasa idan ka matsa, in ka saki ya dawo da fistin baya da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Saboda haka datti kaɗan ya isa ya hana shi.

Fara da faifan. Masu banshar kan kwantar da ƙafa a ƙasa faifai na ƙasa, su hau kan taya da ƙafa suna danna liba. Faifai ba ya jure wannan. Ɗaure alli ko fensir a jikin shakazoba bakinsa na dab da faifai, ka juya. In yana taɓawa yana bari, ya karkace. Iyakar da masu ƙera babura ke yarda da ita ba ta wuce kashi uku cikin goma na milimita ba, wasu ma rabin haka, wato in idonka ya ga lilon, ya riga ya wuce. Masu miƙe shi da sifana suna nan, ni ban yarda da aikin ba.

In faifai lafiya, duba ko yana tsakiyar kalifa, wato matsewar da ke rungume da shi. In ya jingina gefe, koma kan bushin. Idan babur ɗinka na da ƙananan notin da ke damƙe sandar ƙafa a gindin shakazoba, sassauta su, ɗaure babban noti, sauke babur, danna gaba da ƙarfi sau biyar ko shida ba tare da ka kama birki ba, sannan ka ɗaure su. Ƙafafun shakazoba za su sami wurin zamansu.

Saura tambaya ɗaya: matsin man birki ne ke riƙe fad, ko ƙarfe ne ya cije? Matsa birki sau uku ka saki. Sa sifana a ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifa, ka buɗe shi kaɗan da tsumma a kai. In mai ya yi tsartuwa ƙafa ta saki nan take, mai ne ba ya samun hanyar komawa sama. Rufe, ka hau wajen kwalbar mai. Sau da yawa an ƙara mai lokacin da fad ya cinye, yau an tura fistin baya don faifai ya shiga, kwalba ta cika maƙil ba wurin numfashi. Rage shi zuwa layin sama. In ba haka ba, hannun birki ne ba ya komawa har ƙarshe, musamman in ba na asali ba ne, sai ya toshe ɗan ramin da mai ke komawa ta ciki, rami ne kamar na allura. Duba tiyo ma, ko an murɗe shi wajen mayar da kalifa.

In ka buɗe notin ƙafa ba ta saki ba, ƙarfe ne. Cire kalifa, gwada ta a kan fin biyun da take zamewa a kansu, ta riƙa tafiya da hannu. Duba fad sun zauna a gurbinsu da 'yar farantin sifirin ɗinsu. Sai fistin: in yaro ya matsa birki lokacin da ƙafa ke waje, fistin ya fito, an tura shi ciki da sukudireba tare da duk ƙurar da ke jikinsa. Fito da shi kaɗan, goge da tsumma da man birki, tura, maimaita har ya yi laushi. Fetur ko kananzir ko baƙin mai kada su kusanci robar nan, kumbura take yi, daga nan sai sabuwa.

Man da za ka ƙara, karanta murfin kwalba ka ga nau'insa. DOT 3 sabo yana tafasa a wajen digiri 205, DOT 4 a 230, amma in sun tsufa sun sha danshi sai su sauka zuwa 140 da 155. Birki mai riƙewa kan kai wannan zafin a tafiya ɗaya, mai ya tafasa, ka matsa hannu ya tafi har jikin kan babur ba komai. In faifanka ya yi shuɗi-shuɗi, canja man gaba ɗaya ko da ka gano asalin matsalar. DOT 5 kuwa jinsinsa daban, ba a haɗa shi da waɗancan.

Kafin ka hau titi

Ɗaure komai, sa sabon fin a babban noti in irin mai fin ne, kada ka sa ƙusa. Mai faifai ya matsa hannu sau da yawa har ya yi tauri tun babur na tsaye. Juya ƙafa, taka, saki, juya. Sannan ka maimaita tafiyar farko, kilomita biyu ba taɓa birki, ka sa bayan hannu. Ka sake yi da mutum a baya ko da kayan da ka saba ɗauka, domin rodi sai da nauyi yake faɗin gaskiya. Sabuwar taya tana da santsi a kwanakin farko, a bi kwana a hankali. Bayan kwana biyu ka sake auna sarƙa da wasan feda, ka leƙa fin ɗin ƙarfen da ke riƙe murfin birki.